Sauya Sheƙa da Binciken Jin Ra'ayin Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Zaɓe a Jihar Maraɗi

Zancen siyasa bai mutu a Maraɗi ba, ko da yake jam'iyyu ba sa nan a hukumance. A fada, a tasha da bakin kasuwa ana ta nuna wa juna alƙaluma a waya, wannan ya ce kashi kaza na jama'a sun juya wa tsoffin ƴan siyasa baya, wancan ya ce kashi kaza suna jiran dawowarsu. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne domin mai karatu ya iya bambance adadin da aka samo ta hanyar bincike da wanda aka ƙirƙira, kuma ya gane abin da ke faruwa idan aka ce masu zaɓe sun sauya sheƙa.

Ta yaya amsar mutum 1,200 za ta tsaya a madadin ra'ayin ƙasa baki ɗaya?

Mai sayen hatsi a kasuwar Cadawa ba ya zazzage buhu domin ya san ingancin geron da ke ciki. Yakan ɗebo kaɗan daga sama, kaɗan daga tsakiya, kaɗan daga ƙasa, domin ya san cewa mai sayarwa yana iya ɗora mai kyau a baki. Binciken jin ra'ayi haka yake tafiya. Yawan mutanen da aka tambaya yana da amfani, amma yadda aka zaɓo su ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba. Ana raba ƙasa bisa ga ƙidayar jama'a, a ba kowace jiha rabonta gwargwadon yawan mutanenta, a raba tsakanin birni da karkara, sannan a fitar da garuruwa da gidaje ta hanyar ƙuri'a, ta yadda mai tambaya ba shi da ikon zaɓar gidan da ya yi masa daɗin shiga. Idan aka bi wannan tsari da mutum 1,200, adadin da aka samu yana iya kauce wa gaskiya da kimanin maki 3 sama ko ƙasa. Saboda haka idan aka ce wani yana da kashi 41 cikin ɗari, wani kuma yana da kashi 39, babu wanda ya isa ya ce ɗaya ya wuce ɗaya.

Wa ke gudanar da irin wannan bincike a Nijar?

Wanda aka fi sani shi ne na Afrobarometer, wata ƙungiyar masu bincike ta Afirka mai hedikwata a Accra, wadda ta fara aiki a 1999. A Nijar cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ce ta riƙa yi mata aikin tun daga 2013, kuma an sake zagayawa a 2015, 2018, 2020 da 2022. Ana zuwa gida gida ne, a yi magana fuska da fuska cikin harshen da mai amsa ya zaɓa. Cikin tambayoyin akwai guda biyu da suka shafi batunmu kai tsaye: ko mutum yana jin kusanci da wata jam'iyya, da kuma ɗan takarar wace jam'iyya zai zaɓa da a ce gobe za a yi zaɓen shugaban ƙasa. Darajar wannan aiki ita ce ana maimaita tambaya ɗaya da lafazi ɗaya shekara bayan shekara, don haka ana iya ganin inda ra'ayi ya karkata.

Tun da an rusa jam'iyyu, mene ne ya rage da za a auna?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, majalisar soja ta CNSP ta dakatar da ayyukan jam'iyyu. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun gundumomi da na birane, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Babban taron ƙasa na Fabrairun 2025 ya ba da shawarar a rusa jam'iyyun baki ɗaya, kuma a ranar 26 ga Maris 2025, ranar da aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a kan wa'adin shekara biyar, aka sa hannu a kan dokar da ta rusa su. Yawansu a lokacin ya haura 150.

Wannan yana nufin cewa tambayar "wace jam'iyya za ka zaɓa" ba ta da gurbi a yau, kuma duk wanda ya kawo maka jadawalin farin jinin jam'iyyu yana cewa na wannan wata ne, ya kamata ka tambaye shi inda ya samo. Abin da ya rage, kuma shi ne ya fi amfani, shi ne ra'ayin mutane game da tsaro, tsadar abinci, taki, makaranta, asibiti, da irin mulkin da suke fata. Waɗannan su ne abubuwan da ke motsa ƙuri'a tun asali, jam'iyya tana nan ko ba ta nan.

Sauya sheƙa sabon abu ne a siyasar Nijar?

Ko kusa. Ya girmi ƴancin kai ma. A 1957 Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa da goyon bayan sarakuna da dama, amma da zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 ya ƙarato, shi yana kiran a ce a'a ga tayin Faransa na ci gaba da zama cikin tarayyarta, yawancin sarakunan suka janye jikinsu. Masu cewa e suka yi rinjaye da kusan kashi 78 cikin ɗari, Diori Hamani ya hau, aka haramta Sawaba a 1959.

Bayan taron ƙasa na 1991 abin ya zama ruwan dare. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ne ya zo na ɗaya da kimanin kashi 34, amma jam'iyyun ƙawancen AFC suka haɗa kai a bayan Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ya ci zagaye na biyu da kimanin kashi 54. Ba a cika shekara biyu ba PNDS-Tarayya ta fice daga ƙawancen a Satumban 1994, ta haɗe da MNSD ɗin da ta taimaka aka kayar, abin da ya haifar da zaman doya da manja tsakanin shugaba Ousmane da firaminista Hama Amadou na MNSD, har Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki a 27 ga Janairu 1996. A 1999 da 2004 kuma CDS ta mara wa Tandja baya ya kayar da Mahamadou Issoufou sau biyu. Bayan rikicin tazarce na 2009 da juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairu 2010, Hama Amadou, wanda ya riga ya bar MNSD ya kafa Lumana, ya goyi bayan Issoufou a 2011 aka kayar da Seini Oumarou na MNSD da kimanin kashi 58. A 2013 suka raba gari, a 2016 Hama ya yi takara da Issoufou daga gidan kason Filinge. Shi kuwa Seini Oumarou, wanda ya yi shekaru yana jagorantar adawa, ya shiga ɓangaren masu mulki a wannan shekarar ta 2016, ya goyi bayan Bazoum a 2021, ya zama shugaban majalisar dokoki.

Mai karatu zai lura cewa a cikin shekara talatin kusan babu manyan ƴan siyasa biyu da ba su taɓa zama abokan tafiya ba, kuma ba su taɓa zama abokan gaba ba.

To masu zaɓe ne ke sauyawa, ko shugabanninsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a ganina nan ne masu sharhi suka fi zaluntar talaka. A duba alƙaluman mutum ɗaya. Mahamane Ousmane ya samu kimanin kashi 6 a 2016, bayan jam'iyyarsa ta CDS ta suɓuce masa, ya yi takara a ƙarƙashin MNRD-Hankuri. A 27 ga Disamba 2020, a ƙarƙashin RDR-Canji, ya samu kusan kashi 17, sannan a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 ya samu sama da kashi 44, Bazoum kuma ya tashi daga kashi 39 zuwa sama da 55. Wanda ya kalli lambobin kawai zai ce farin jinin Ousmane ya ninka sau bakwai cikin shekara biyar. Abin da ya faru kuwa shi ne kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da takarar Hama Amadou a Nuwamban 2020, Lumana ta umurci magoya bayanta su zaɓi Ousmane, suka bi umurnin. Mutanen nan ba su canza ra'ayi ba ko kaɗan, suna nan daram a bayan jagoransu, jagoran ne ya nuna musu wata ƙofa.

Haka abin yake har ƙauye. Manomin da ya zaɓi jam'iyyu uku daban daban a zaɓe uku, sau da yawa mutum ɗaya ya bi a dukkan ukun: ɗan garinsu wanda ya tsaya masa lokacin da aka kwantar da matarsa a asibiti, ko ya yi masa hanyar taki, ko ya sa baki a rikicin gona. A takarda an rubuta shi cikin masu sauya sheƙa, alhali shi a wurinsa amana ya riƙe. Binciken da ke tambayar sunan jam'iyya kawai ba zai ga wannan ba, sai an haɗa da tambayar wa mutum yake tunkara idan matsala ta same shi.

Me ya sa jihar Maraɗi ba ta zama gidan jam'iyya ɗaya ba?

An saba cewa Tawa ta PNDS ce, Damagaram ta CDS, Dosso ta ANDP-Zaman Lahiya, Yamai da Tilaberi kuma suka karkata ga Lumana bayan ta fito daga cikin MNSD. Maraɗi ba ta taɓa shiga aljihun kowa haka ba, ga shi kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutum miliyan 3.4 cikin miliyan 17.1 na ƙasar, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar, Damagaram kaɗai ta ɗara ta. Jiha mai wannan nauyi wadda ba ta da uban gida ɗaya dole kowane ɗan takara ya yi zawarcinta.

Ƴaƴan jihar ma sun ƙara rarraba ƙuri'ar. Cheiffou Amadou, ɗan Kornaka, firaministan riƙon ƙwarya daga 1991 zuwa 1993, ya bar CDS ya kafa RSD-Gaskiya a 2004, kuma ƙarfinta a nan jihar yake. Abdou Labo, jigon CDS a Maraɗi, ya goyi bayan Issoufou a 2011 saɓanin matsayin shugaban jam'iyyarsa, daga baya jam'iyyar ta koma hannunsa. Kassoum Moctar, wanda ya yi magajin garin Maraɗi, ya fito daga RSD ya kafa CPR-Inganci, ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016, sannan ya shiga gwamnati. Kowace ɓaraka ta tafi da unguwanni da ƙauyukanta.

Akwai kuma dalilin kasuwanci. Arzikin Maraɗi a kan iyaka yake, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, kuma ɗan kasuwar da kayansa ke bi ta hannun duwan, ko yake neman kwangilar gwamnati, ba ya son a daɗe ana ganinsa a ɓangaren adawa. Wannan lissafi ne na mai dukiya, kuma idan babban Alhaji ya juya, yaran shagonsa, direbobinsa, dillalansa da maƙwabtan da ke cin arzikinsa sukan juya tare da shi. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, sun nuna yadda abin da ya taɓa iyaka yake taɓa tukunyar kowane gida a nan, kuma ra'ayin siyasa yana bin tukunya.

Ashe ba kuɗi ne ke sayen ƙuri'a ba?

Kuɗi suna aiki, babu mai musun haka. Wanda ya ga lokacin kamfe ya ga tsakar gidan jagoran unguwa da dare: bandir bandir na atamfa mai hoton ɗan takara, katan na sabulu, buhunan gishiri da shinkafa, sukari da ganyen shayi na ƴan fada, da jika biyu biyu na man ƴan kabu-kabu da za su yi jerin gwano da safe. Shugabar ƙungiyar mata tana zaune da littafinta tana kiran suna.

Sai dai karɓar kyauta daban, jefa ƙuri'a daban. Mace ɗaya tana iya mallakar zanen jam'iyyu uku, ta ɗaura kowanne ranar taronsa, ranar zaɓe kuma ta shiga bayan labule ita kaɗai. Yawancin mutane suna ɗaukar kyautar a matsayin gaisuwar da ta wajaba a kan mai neman abu, wanda bai kawo ba ya yi rowa, wanda ya kawo kuma bai sayi kowa ba. Shi ya sa cikar fili ranar gangami ba ma'auni ba ne, kuma shi ya sa ƴan takara da yawa suka sha mamaki da aka buɗe akwati.

Idan bincike ya ba da adadi na jihar Maraɗi, za a iya dogara da shi?

Da taka tsantsan. Cikin mutum 1,200 na ƙasa, rabon jiharmu bai wuce kimanin 240 ba, kuma a wannan adadi ratar kuskure takan haura maki 6 sama ko ƙasa. Idan aka sake raba su tsakanin Tasawa, Mayahi, Dakwaro, Agye, Gazawa, Madarunfa, Gidan Rumji, Barmo da birnin Maraɗi, abin da ya rage a kowace bai isa a gina magana a kansa ba. Ga kuma matsalar tsaro: inda ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan iyaka a Madarunfa da Gidan Rumji, mai tambaya yana iya kasa shiga, a musanya garin da wani, alhali mutanen da aka tsallake su ne suka fi kowa abin faɗa game da hukuma.

Mutane suna faɗa wa mai tambaya gaskiyar abin da ke ransu?

Ba kullum ba, kuma ba don rashin gaskiya ba ne. A dubi yadda abin yake faruwa. Baƙo ya sauka daga mota da na'ura a hannu, ya fara zuwa gaida mai gari kamar yadda ladabi ya tanada, mai gari ya haɗa shi da ɗan rakiya. Kafin ya kai gida na uku gari ya ɗauka cewa baƙon hukuma ne. Idan ƙuri'a ta faɗa a kan matar gida, domin ana karɓa-karɓa ne tsakanin namiji da mace, sai ta zauna a bakin zaure tana amsawa, maigida yana jin ta daga bayan danga. A irin wannan zama, da wuya ta ambaci jam'iyyar da ba ta gidan ba. Masu binciken sun san da haka, shi ya sa Afrobarometer take rufe hirarta da tambayar wa mai amsa yake zaton ya aiko su, kuma a ƙasashe da dama mutane masu yawa sukan ce gwamnati ce.

Wannan yana ƙara nauyi a lokacin da babu jam'iyyu kuma mutane suna auna kalamansu. Mai karanta sakamako ya riƙa duba yawan waɗanda suka ce ba su sani ba ko suka ƙi amsawa. Idan wannan rukuni ya kumbura daga bincike zuwa bincike, shi kansa labari ne, kuma kuskure ne a zubar da shi a raba sauran kamar su ne jama'a duka.

Ƙuri'un da ake yi a Facebook da WhatsApp fa?

Waɗannan ba bincike ba ne. Mai babbar waya da kuɗin intanet ne kawai ke shiga, mafi yawa maza matasa na birni da ƴan ci-rani, mutum ɗaya yana iya dannawa da layi uku, kuma mabiya shafin tun farko masu ra'ayin mai shafin ne. Mutum dubu hamsin da suka kawo kansu ba su kai 1,200 da aka zaɓo bisa ƙa'ida ba. Kafin ka tura wani adadi gaba, ka nemi sanin wanda ya yi binciken, wanda ya biya kuɗinsa, ranar da aka yi shi, yawan waɗanda aka tambaya, da ainihin lafazin tambayar. Binciken da ake yi ta kiran waya ya fi wannan daraja, amma shi ma yana tsallake matan karkara da yawa waɗanda ba su da wayar kansu.

Gaskiya ne mutane sun gaji da dimokuraɗiyya?

Alƙaluman da ake da su sun nuna abu mai fuska biyu. A rahoton Afrobarometer na 2024, wanda ya haɗa ƙasashe 39, kashi 66 cikin ɗari sun ce sun fi son dimokuraɗiyya a kan kowane irin mulki, amma kashi 53 sun ce za su yarda soja su karɓi mulki idan zaɓaɓɓun shugabanni suka yi amfani da kujera don amfanin kansu. Waɗannan lambobi na nahiyar ne baki ɗaya, kada a jingina su ga Maraɗi ita kaɗai. Amma ma'anarsu ba baƙuwa ba ce a nan: mutum yana iya son a tambaye shi wanda zai mulke shi, kuma a lokaci guda ya gaji da ganin wanda ya zaɓa domin ya yi adawa ya wayi gari minista. Wanda ya ɗauki lamba ɗaya ya ɓoye ɗayar, ko daga wane ɓangare yake, bai yi wa jama'a adalci ba.

Doka ba ta taɓa hana sauya sheƙa ba?

Kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa zai rasa kujerarsa, mataimakinsa ya hau, wanda kuma jam'iyya ce ta kore shi zai ci gaba da zama a matsayin ɗan ba-ruwana. Wannan ya rage ficewar mutum ɗaya ɗaya, amma bai hana jam'iyya sukutum ta tashi daga adawa ta koma ɓangaren masu mulki ba, bai kuma hana ta rabewa gida biyu kowane ɓangare yana iƙirarin shi ne halastacce a gaban kotu ba, kamar yadda ya faru da MNSD da CDS.

Idan aka dawo da zaɓe, tsohuwar biyayya za ta dawo yadda take?

Wani sashe nata zai dawo, domin doka ta rusa sunaye da ofisoshi ne, ba ta rusa dangantakar jagora da mutanensa ba. Wanda yake kai mara lafiya asibiti jiya shi ne yake kai shi yau, kuma ranar da aka buɗe fage zai shiga sabuwar jam'iyya da jama'arsa. Amma manyan da aka gina biyayyar a kansu suna ƙarewa: Tandja ya rasu a Nuwamban 2020, Hama Amadou a Oktoban 2024, sauran ƴan zamanin taron ƙasa kuma shekaru sun ja.

Babban canjin yana wajen masu zaɓen kansu. Rajistar 2020 ta ƙunshi mutum kimanin miliyan 7.4, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Kusan duk wanda aka haifa bayan Fabrairun 2003 bai taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba, kuma idan wa'adin shekara biyar ya cika a 2030, yaran da aka haifa a shekarar ƙidaya ta 2012 za su kai shekarun zaɓe. Waɗannan ba su san AFC ba, ba su ga tazarce ba, abin da suka sani shi ne rufe iyaka, harin ƴan bindiga, tsadar buhun gero da tafiya ci-rani. Duk binciken da za a yi kafin wancan zaɓe ya kamata ya ware amsoshin ƴan shekara 18 zuwa 25 daban, ya ƙara yawan waɗanda ake tambaya a jihohi masu jama'a kamar tamu, kuma a buga sakamakon da Hausa a karanta shi a gidajen rediyo, domin mutanen Kornaka da Gabi da suka ba da lokacinsu suka amsa su ji abin da aka samu.